Ƙafar Mama Bayan Aiki

Nassarawa GRA, Kano.

Zuwa ga Kawu Aliyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Yaran gida suna nan ƙalau, Hanif ma ya koma makaranta.

Kawu, maganar 'yar'uwarka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san Mama ta zame a banɗaki ta karye a idon sawu, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe, aka naɗe ƙafar da filasta. Ranar da aka sallame mu, likita ya ce ta riƙa motsa yatsunta, tana ɗan takawa da sanduna, kuma kada a fasa allurar tsinka jini. To, Mama ta ce allurar tana sa mata tabo a fatar ciki, ta daina. 'Yan dubiya kuwa duk wanda ya shigo sai ya ce ta kwanta ta huta. Haka ta yi ta wuni a gado, ko falo ba ta leƙowa.

A makon jiya sharaɓarta ta kumbura, ta yi zafi kamar an gasa. Dije mai yi mana girki ta zauna ta mulmule mata da man zafi, Mama har tana sa mata albarka. Ranar Talata da la'asar, ina zuba mata ruwan alwala, sai ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ba ya kaiwa ƙasa. Gumi ya jiƙa mata goshi, ta yi tari, na ga jini a hankicinta. Malam Sule direba ne ya taya ni ɗaukarta zuwa mota.

A asibiti aka yi mata hoto. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar saboda rashin motsi, wani guda ya ɓalle ya tafi huhu. Da na faɗa masa an yi tausa, sai ya ce tausa na iya ɓalle irin wannan gudan jinin. Ya ce akwai sauran wani a cinya, suna ba ta magani, amma ba zai yi mana alkawarin ba zai tashi ba. Yanzu tana kwance da robar iska a hanci.

Abin da ya fi tayar min da hankali, Kawu, Mama ta daina faɗa. Matar da ko gishiri ya yi yawa sai ta yi magana. Jiya ta sa na kawo mata zannuwanta, ta ware na Dije, ta ware na maƙwabta. Ta ce in rubuto maka da hannuna, don a waya za ka ce mata ba komai ka kashe. Ta ce kada ka jira hutun Sallah.

Ka gaida Anti Safiya, da Nabiha da ƙannenta. A sa Mama a addu'a. Na riga na gyara maka ɗakin baƙi.

'Yarka,
Sakinatu