Ni Aka Kwaikwaya, Ban Kuwa Kawo Ƙara Ba

Zuwa ga Shugaban Makarantar Sakandaren da ɗana yake karatu, Jimeta.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto a fili ne domin a fili ka rufe ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai. Ka gaya wa taron iyaye cewa wasan yana koya wa yara raina manya, hujjarka kuwa wai wani yaro ya kwaikwayi ubansa a bainar jama'a. Ni ne uban. An yi mini aski ba na nan, to ga nawa bayanin.

Na ɗaya. Ni makanike ne a unguwar Luggere. Yaron ɗan farina ne, kuma yadda aka tashe mu a cikin Yola, ba na kiran sunansa, ba na zaman hira da shi. Tun da mahaifiyarsa ta rasu ya yi gum. Tsakanina da shi sai aike, sai faɗa. Ni kuwa ina ta yabon kaina, wai na haifi mai ladabi.

Na biyu. Ranar Asabar ɗin da aka gayyaci iyaye, yaron ya fito a wasan a matsayin uba, hula a karkace, yana kaɗa makullai. Da zarar ɗansa na wasa ya buɗe baki sai ya katse shi. Rabin zauren sun san mai makullan nan. Aka yi dariya, na ji kunya har na jiƙe da gumi, ba zan ɓoye ba.

Na uku, wanda ba ka gani ba, don a nan ka tashi ka fita. Tsarin Malama Rifkatu, mai kula da ƙungiyar, shi ne a tsayar da wasa a tsakiya, ɗan kallo ya hau ya karɓi matsayin wanda ake dannewa, ya gwada mafita. Haushi ya sa na hau, niyyata in nuna musu yadda ɗan kirki ke yi wa uba magana. Sau uku ina buɗe baki, sau uku makullai suna rufe mini shi. Ban yi minti biyar a matsayin ɗana ba na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa shekaru ya yi a haka.

A hanyar gida ya gaya mini cewa tun ranar jana'iza yake so in kai shi kabarin mahaifiyarsa, bai sami inda zai sa maganar ba. Ran Juma'a muka je. Idan wannan ne raini, ina neman ƙari.

Tun da ka sa kwaɗo a zauren, yaron ya fara komawa cikin shirunsa, kuma ba zan zuba ido ba. Ina roƙo ka buɗe zauren, ka janye takardar gargaɗin da ka ba Malama Rifkatu, ka kuma daina kafa hujja da mutuncina. In ka ƙi, garejina yana da fili. Duk Asabar zan ture motoci gefe in shimfiɗa tabarmi, kai ma akwai kujerarka, amma wannan karon ka zauna har ƙarshe.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka kunnen sauraro fiye da wanda na yi.

Shekara goma sha shida ban kira sunan yaron nan ba. Yau zan sa hannu da shi.

Wassalam.
Baban Hamidu, Luggere.