Sujudar da Nake Gudu

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Murar da na kwaso wajen sussukar wake ta yi kamar ta tafi, sai ta dawo da zazzaɓi. Majina mai kauri, koriya. Ba wannan ne ya dame ni ba. Da na kai goshi ƙasa a sallar Asuba, sai na ji kamar an kafa mini ƙusa a ƙarƙashin idon dama.

Laraba, 6 ga Nuwamba
A tsaye lafiya. A zaune da sauƙi. Sai sujuda. Ni da nake jan mutanen unguwarmu salla a Wagini! Me na yi da Ubangiji ba ya son goshina a ƙasa? Tsoro nake ji.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Na yi tofi, na sha rubutu. Shiru.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Tsoho Maude, da ba ya barin sahun farko, ya tare ni: "Allah gafarta Malam, sujudar nan taka sai ka ce kaza na tsattsagar dawa." Na yi dariyar yaƙe. Matata Zuwairatu ta ce in ban je asibiti ba, ita za ta faɗa wa Yayana. Mata!

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Asibitin Batsari, a kan babur. Likita ya danna kuncina, na zabura. Ya tambayi daɗewar murar, na ce ta haura kwana goma. Da ƙyar na faɗa masa zancen sujuda, kaina a ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, sunkuya ka taɓa takalminka." Na sunkuya. Ƙusar nan dai, ba alwala, ba alƙibla. Wai kogo ne a ƙashin fuska, ƙwayoyin cuta sun tara ruwa a ciki, duk sunkuyo sai ya danno. Ya ba ni magani, in shanye ko na ji sauƙi. In ido ya kumbura, in dawo a ranar.
A hanya na ce da mai babur iska ce ta sa ni hawaye.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Ina ta duba idona a madubin Zuwairatu. Bai kumbura ba. Har yanzu gabana na faɗuwa daga ruku'u.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Magani ya ƙare. Ba wani labari. Maude dai ya yi ƙorafi bayan Asuba, wai na daɗe a sujudar ƙarshe har ya zaci barci ya ɗauke ni. Ni ban ga wata daɗewa ba.