Kada Mama Ta Hutar da Akwatin

Shenzhen, Chaina

Yayata Zipora,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya mutanen Kagoro? Ni lafiya lau nake. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Na yi ta kiran layinki ba ya shiga, shi ya sa na ba Polycarp, ɗan kasuwar nan na Kafanchan, takardar nan ya kawo miki.

Akwatin sola da na aiko wa Mama, don Allah ki cire shi yau. A cikinsa akwai ƙananan makunnai da ke buɗewa su rufe sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, wuta tana wucewa. Dole su rufe daidai lokacin da ta gama wucewa. In sun makara, sai ta juyo baya ta ƙone su. Shekaranjiya muka gano a wurin aiki cewa sun fi makara in ba a jan wuta sosai. Irin akwatin nan ya fashe a gabana. Hannuna na dama ne kawai ya ƙone, yana warkewa, kada ki gaya wa Mama.

Yaya, kin san Mama. Kashe fanka take yi da fitilu duka, ta bar waya ɗaya a caji, wai akwatin Yafet ya huta. Kuma kusa da gadonta ta ajiye shi.

In ta hana ki, ki ce ni na roƙa. Allah ya tsare ku.

Ki cire shi kafin ki ba ni amsa.

Ƙaninki,
Yafet