Waƙar Baba a Bakin Ƴan Siyasa

Gazawa, daren Laraba, ana saura kaɗan zaɓe

Yau na dawo daga lakol, makarantar da nake koyarwa, na tarar da Baba zaune a zaure, ya karkata kunne wajen kasuwa. Tun da idonsa ya tafi, abin da ya rage masa shi ne tsohuwar waƙar nan ta wa'azi da ya hardace wurin kakanmu, wadda ke cewa mulki aro ne, kowa kabari zai koma.

Ita ce motar jam'iyya ke yawo da ita a gari, da muryar ƙanena Sani. Karin yana nan, amma ya cire mutuwa ya sa sunan ɗan takararsu.

Da Sani ya shigo cin tuwo na tare shi. Ya ce, "Yaya, wa ke sauraren ta in ba don mu ba? Yanzu ko a Cadakori rera ta ake." Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa tsohon rubutu ba ya mutuwa, ban taɓa tunanin zai rayu haka ba.

Baba bai yi masa faɗa ba. Bayan isha'i ya fara rera ta a hankali, yadda ya saba. Yana kai tsakiya sai sunan ɗan takarar nan ya fito daga bakinsa. Ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa a wurin.

Ya ce, "Kai ni ɗaki, Habu. Na manta ta."