Injin da Ba Ya Tsayawa Salla

Laraba da dare, Maradun

Shekara uku muna aikin katako a dam ɗin nan, abin da muka sani ɗaya ne: in aka kashe janareta don sallar azahar, duk injuna sun mutu, sai ka taɓa abinka. Yau aka ba mu sabon injin huda katako mai batir, ba shi da waya. Ni na karɓo shi, ni ne kuma ban yi wa kowa bayani ba.

Ana kashe janareta, Baba Audu kafinta ya ɗauki sabon injin zai canza ƙarfen hudar, yatsansa a kan makunni. Injin ya tashi, ya nannaɗe hannun rigarsa. Da ƙyar na fizge batirin. Fata ce kawai ta sale.

Ya dube ni ya ce, "Isa, ashe wanga abu ba ya tsayawa salla?" Kowa ya yi dariya, ban da ni. Ruwan dam ya ci gonarsa, hannun nan kaɗai ya rage masa na neman abinci.

Gobe da safe zan tara abokan aikina: a cire batir kafin a taɓa bakin injin. Batirin ma ga shi nan ƙarƙashin matashina.