Hoton Uwar Eusebio

Lima, Mayu 1985

Zuwa ga Doña Teodosia Palomino,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya. Sunana Amalia Zevallos, ɗaukar hoto ce sana'ata. Sista Benigna ce ta ba ni sunanki, ta ce ɗanki Eusebio na cikin samarin da aka ɗauke a Huamanga, har yau babu labarinsu.

Zan zo garinku ƙarshen watan gobe in ɗauki hoton iyayen yaran nan mata, kowacce riƙe da hoton ɗanta. A tsakar gidan sistocin coci za a yi, da hantsi, kafin rana ta yi zafin da zai sa mutum ƙanƙance ido. Ki sa kayan da kika saba sawa ranar Lahadi, ba sai kin ɗinka sabo ba. Kada ki shafa hoda. Ki karya kumallo kafin ki fito, don zaman yakan ja lokaci.

Ba zan ɓoye miki ba: za a rataye hotunan a Lima, jaridu kuma za su buga wasu, da sunanki a ƙasa. In kin fi so ki juya wa kyamara baya, zan ɗauka a haka. In kuma ba kya so sam, ba wanda zai ga laifinki.

Ki huta lafiya,
Amalia Zevallos

Huamanga, Mayu

Ƙanena Fortunato,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Rosenda da yara. Ya sanyin Lima, ya tarin nan naka? Na ba direba ƙunshin soyayyiyar masara da cuku ya kawo muku. In ya iso rabi, ka san cikin da ya shiga.

Ga takardar wata mai hoto na haɗo maka, ka karanta. Alfarmar da nake nema ita ce ka aiko mini da hoton Eusebio, na gama sakandare, wanda na ba ka ajiya lokacin da ake binciken gidaje. Shi kaɗai gare ni.

Na dai amsa wa Sista zan je. Jiya a kasuwa ina zuba wa wata mata dafaffiyar masara, har kwanon ya cika ta zube ban sani ba. Ban taɓa zama gaban mai hoto ba sai na katin shaida, wanda ka ce na fito kamar wadda aka kama da satar kaza. 'Yar nan tawa Hermelinda ta jingina madubi a kan tebur tana koya mini zama. "Mama, ɗaga haɓa. Mama, ki daina tsuke baki kamar kin sha lemun tsami." Na ce, "Ke rabu da ni, giɓina nake ɓoyewa." Muna cikin dariya sai na tuna sunana za a rubuta a ƙasan hoton, nan take dariyar ta tsaya.

Amma Fortu, ba ofishin da ban shiga ba. Ko'ina sai a ce babu mai wannan suna, sai ka ce ban taɓa haihuwarsa ba. In fuskarsa ta fito a jarida, wataƙila wani ya ce ya gan shi a wani wuri.

Allah ya kiyaye ku.
Yayarki, af, yayarka, ka ga har rubutun ya rikice mini,
Teodosia

Lima, Yuni

Yaya,

Mun ga saƙo, mun gode, cukun ma ya iso cikakke. Kowa lafiya.

Yaya, kin san abin da kike shirin yi kuwa? Ita wannan mata za ta ɗauki hotonta, ta hau jirgi ta dawo Lima ta sha shayinta. Ke fa? Ke za ki koma kasuwa, rumfarki a bakin ƙofa, ba wanda bai san inda kike zama ba. Kin manta malamin makarantar nan na unguwarmu da ya yi magana da ɗan jarida? Ko suna bai faɗa ba. Ina yake yau?

Eusebio ɗana ne ni ma, ni na koya masa hawa keke. Amma yarinya ɗaya ta rage miki. Wa zai riƙe miki hoton Hermelinda in aka zo aka ɗauke ta? Ko ita za ta riƙe naki?

Ba zan aiko ba. Ki zage ni son ranki, dama kin saba tun muna yara. Na rantse miki tun da na karanta takardar nan, in mota ta tsaya a ƙofar garejinmu sai na leƙa ta ƙasan motar da nake gyarawa in ga irin takalman da suka sauko. Ki rufe rumfar nan ku taho. Rosenda ta ce ɗakin baya naku ne.

Ki gaida Hermelinda, ki ce ta ajiye madubin nan.

Ƙanenki,
Fortunato

Huamanga, Yuni

Fortunato,

Ina gaishe ku. Wadda ta miƙa maka takardar nan ka ba ta abinci, ba ta ci komai ba tun da na gaya mata za ta tafi.

Shekaranjiya da tsakar rana wani mutum ya tsaya a rumfata. Ban san shi ba. Fes da shi, gashi a aske, da baƙin tabarau. Ya sayi masara ya tsaya yana ci a hankali. Ya ce, "Mamita, na ji ana ta wanke farar malfa za a yi hoto. Lallai za ki yi kyau." Na ce ban san zancen ba. Ya yi murmushi ya goge hannu a jikin zanen teburina. Ya ce, "Ki gaida Hermelinda. Ta daina bin hanyar bayan gada in ta taso makaranta, ba kowa a wurin."

Ya juya ya tafi abinsa, Fortu. Sai da Clotilde mai sayar da dankali ta kama ni ta zaunar. Ban san a bakin wa ya ji zancen malfata ta ranar Lahadi ba. A cikin ɗaki na wanke ta, a cikin ɗaki ta bushe.

Matan da suka amsa, yawancinsu sun janye. Wata ta ce za ta zo amma da mayafi a fuska. Ban ga laifin kowa ba.

Ka yi gaskiya a kan yarinyar, shi ya sa na turo maka ita. Ka sa ta makaranta a can. Ni kuwa zan je. Na goge siket ɗina mai ruwan toka, na rataye. Tun da ka hana ni hoton, zan riƙe rigar sanyinsa. Ba jarumta ba ce, ni ma tsoron nake ji. Na duba ne na ga in ban je ba, shi ke nan mutumin nan ya san kalma biyu ta ishe shi ya rufe bakin uwa.

Ban yi fushi da kai ba. Ka riƙe mini ita da kyau.

Yayarka,
Teodosia

Lima, Yuni

Mama,

Ina gaishe ki. Na iso lafiya, na yi amai a hanya amma ya wuce.

Mama, ki rufa mini asiri kada ki kwana a gida ke kaɗai. Ki je wurin Sista.

Mun yi faɗa da Kawu. Ina ba shi labarin mai tabarau ya ce, "Ai na faɗa mata, taurin kai ne zai kashe ta." Na ce, "Ai kuwa za ta je, Kawu, kuma hannunta ba komai sai tsohuwar riga, mutane su ce ko wanki ta kawo." Ya daka mini tsawa ya ce ba a yi masa rashin kunya a gidansa. Tun daga nan bai ƙara yi mini magana ba, abinci ma a tsaye yake ci. Inna Rosenda ta ce in ƙyale shi.

In kin zauna, ki sauke kafaɗa yadda na nuna miki. Ki rubuto mini da zarar an gama, ko layi ɗaya ne. Ina jin tsoro, Mama.

'Yarki,
Hermelinda

Huamanga, ƙarshen Yuni

'Yata Hermelinda,

Ina lafiya. An yi.

Na isa ƙofar gidan sistoci, sai ga kawunki zaune a bakin dakali, fuska duk ƙurar hanya, ya rungume ƙirji kamar mai ciwon haƙarƙari. A cikin singileti ya ɓoye hoton, ya wuce da shi duk shingayen bincike. Ya miƙo mini ya ce, "Ungo, ki yi sauri, ni ba na shiga."

Da na zauna, hannuna ya hana hoton tsayawa. Mai hoton ta jira, ta ba ni ruwa, ta sake jira. Sai kawunki ya yi tsaki ya taso ya shigo ya tsaya a bayana, ya kama gefen hoton. Ta ce, "Señor, in ka tsaya nan fuskarka za ta fito." Ya ce, "Ɗauki kawai, baiwar Allah, kafin in suma."

Da muka fito na hango mai tabarau a bakin dandali yana karanta jarida. Bai ɗago ba. Muna wurin Sista yanzu, ban san yaushe za mu samu motar da za ta kawo mu Lima ba. Ki gaya wa Rosenda mijinta na nan kalau.

In an rataye hoton kafin mu iso, ki je ki duba mini. Ina zargin na rufe ido.

Mamanki