Riga Mai Maɓalli a Gaba

Litinin, 3 ga Maris

Gwajin jini da safe, kafin a ci komai.

Mata ne zalla a bencin jira, sai ni. Na ɗora jakar Maman yara a cinyata don a ɗauka ita na rako. Sai da nas ta maimaita sunana kafin na miƙe. Ciwon daji a nono, ni da gemuna. Likita ya ce ana samu a maza, ba dai kasafai ba. Laraba ta sama za a cire na hagu.

Alhamis, 6 ga Maris

Wata maƙwabciya ta gan mu a asibiti, a ƙofar sashen masu ciwon nono. Kafin yamma magana ta zagaye unguwa: Maman yara ce ba lafiya. Na ji, ban gyara ba.

A maɗaba'ar da nake aiki na nemi hutun jinyar iyali. Oga ya dafa kafaɗata, wai mazaje irina sun yi ƙaranci. Har godiya na yi masa.

Asabar, 8 ga Maris

Yayar Maman yara mai ɗinki ta zo, ido jajir. Ta ɗinko riga mai maɓalli a gaba, da aljihu ta ciki inda za a sa robar da ruwan ciwo ke taruwa. Ta taɓa yi wa wata irinta. Ta ce wa ƙanwarta, “Bayan aiki hannu ba zai ɗagu ba, wannan ba sai kin zura kai ba.”

Maman yara ta gwada, ta yi godiya, ba ta dube ni ba. Ina bakin ƙofa ina goge takalmin da na riga na goge.

Da Yaya ta tafi, Maman yara ta ninke rigar ta ajiye a kan matashina. Ta ce, “Malam, bakin unguwa bai dame ni ba. Amma Yaya ta daina cin abinci saboda ni, alhali lafiyata lau.”

Na ce zan duba. Kullum zan duba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kulle banɗaki na gwada rigar. Ba ta shiga kafaɗa.

Litinin, 10 ga Maris

Na bi ta shagon Yaya, wai wucewa nake. Na ajiye rigar a kan keken ɗinki na ce kafaɗar ta matse.

“Kafaɗar wa?”

Na tsura wa zare ido. Ta daɗe tana kallona, sannan ta zaro tef daga wuyanta.

“Ɗaga hannu, tun yana ɗaguwa. Aljihun wane gefe?”

Na ce hagu.

“Ƙato da kai, ka bar ni ina ɓarnar hawaye a kan mai lafiya.” Tana awo tana kukan dai. Akwai mata biyu a shagon suna jiran ɗinkinsu, sun ji komai. Ban ce zan dawo an jima ba. Ina jin gajiya ce kawai.

Gobe:
Karɓo riga wurin Yaya.
Ɓoye reza, nas ta ce kar in aske ƙirjin da kaina.
Silifas da buroshi, ban saya ba.
Oga, a gyara maganar hutu.
Jakar Maman yara, ta riƙe abarta.